Randuna Bakwai Cikin Siminti

Randuna bakwai anka kashe mani cikin kwana huɗu, ana tsakiyar bazara, kuma wanda ya kashe su ba ni da bakin zaginshi, don surukina ne, mijin ɗiyata Ramatu. Na faɗi wannan tun farko don ku san da irin ran da nike wannan rubutu.

Ku ƴan matan unguwarmu da kunka aiko a roƙe ni in rubuta maku haɗin jiƙona, wai ku ma za ku fara sayarwa bana, na ji saƙonku. Na kuma ji abin da ɗayarku ta faɗa bakin famfo, wai mi ne ne abin wuya ciki, ba tsamiya ba ce da ruwa da sukari? Na san wadda ta faɗa, na san uwarta. Ni ban shiga makaranta ba sai da na aurar da ɗiya biyu, makarantar manya ta bayan la'asar, kuma har yau alƙalami ya fi muciya gajiyar da hannuna. Amma zan rubuta. Ku dai karanta duka, kada ku tsallake ku tafi neman haɗi, don wanda ya kashe mani randuna shi ma mai hankali ne, mai sana'a ne, kuma shi ma gani ya yi abin ba wuya.

Rumfata tana bakin babbar hanya a Malbaza, daidai inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran lodin siminti. Shekara ashirin da ƴan kai ina nan. Masu sayena direbobi ne, da ƴan dako masu ɗaukar buhu, da masu facin taya, da matan da ke dawowa daga kasuwa da kaya bisa kai. In rana ta take, lokacin da ba a iya dafa ƙofar mota da tafin hannu, mutum zai iso fuskarshi fari fat da ƙurar siminti, leɓe ya tsage, ya zube bisa benci bai ko yi sallama ba. Wannan mutum ba zaƙi ya zo nema ba. So shike zafin da ke cikinshi ya sauka, ya iya komawa ya ɗauki buhu har la'asar. In kin ba shi abin da zai yi mashi daɗi ga harshe, ƙishi ya dawo mashi kafin ya tsallaka hanya, kin cuce shi, kuma gobe ba za ki gan shi ba.

Aikin farko da anka ba ni cikin wannan sana'a wankin randa ne. Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, ita ta koya mani a Badaguishiri, kuma bazara uku na yi ina wanki kafin ta bar ni in taɓa tsamiya. Ana kwashe ruwan, a kwantar da randa gefe bisa tsumma, a shiga da hannu har kafaɗa da soso da lallausan yashi, a ɗauraye sau uku, sannan a kife ta bisa ɗan garwashin da anka barbaɗa ma kajiji, hayaƙi ya zagaye cikinta. Gwaggo sai ta tura kanta ciki ta shaƙa. In ta fito ba ta ce komi ba, aiki ya yi. Wata rana na gaji, na ga sabulu zai fi sauri. Ba ta duke ni ba. Ta ware randar nan gefe, ta ce daga yau ita ce randar shana, ni kaɗai. Mako biyu na yi ina shan ruwa mai ɗanɗanon wanki, ina kallon sauran yara suna shan mai ƙanshi.

Ranar kasuwa takan tafi da ni wajen masu tukwane. Ta ƙwanƙwasa randa da bayan yatsa, ta kara kunne. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sautinta a daƙile shike. Daga nan ta sa a zuba ruwa, mu zauna mu jira, masu tukwane suna ta tsaki don mun tare masu wuri. Wadda ke ɗiga ta tsage, a bar ta. Wadda bayanta ya zauna busasshe ƙamas ta zuba hatsi ce. Wadda jikinta ya yi duhu a hankali, ya fitar da raɓa kamar goshin mai daka, ita ce tamu. Wannan raɓar ita ce sana'ar duka. Iska ta bugi jiƙaƙƙen jikin randa, ta tafi da zafin, abin da ke ciki ya yi sanyi. Iskar bazarar da ke ƙona maku fuska ita ke sanyaya mani jiƙo, kuma ranar da ta fi zafi da bushewa, ranar randa ta fi aiki. Shi ya sa rumfata ta zana ce, a buɗe gabas da yamma, randuna suna zaune bisa yashin gulbi da nike jiƙawa safe da azahar, ƙarƙashinsu kullum da danshi.

Sabuwar randa ba ta aiki nan take. Mako biyu ko fiye tana ba ruwa ɗanɗanon ƙasa, kowace safiya a zubar a sake cikawa, sai ta sha ta ƙoshi sannan a amince mata da jiƙo. Tsohuwa ita ce abin riƙo. Uku cikin bakwai ɗin nan na Gwaggo ne, da su na taho Malbaza bisa amalanke, naɗe cikin tabarma, ina tafe ina riƙe da bakinsu duk inda hanya ta yi rami.

To ga haɗin da kuke so. Randa biyu ruwa ne zalla da saiwar jema, ciyawar nan mai ƙanshi, a ciki. Biyu tsamiya, ɗaya zoɓo da na'ana'a, ɗaya goriba, ƙaramar kuma sabara. Tsamiya ta bara ake nema, wadda ta yi duhu, don ta bana tana kankare haƙori. Cikin ruwan sanyi ake jiƙa ta tun asuba, ba a tafasawa, ba a murza ta kamar ana faɗa da ita, sai a tace da farin ƙyalle sau biyu. Zoɓo ruwan zafi ake zuba mashi cikin kwano a rufe, a bar shi ya huce sarai kafin ya shiga randa, na'ana'a kuma sai ya huce ake jefa ta. Goriba a daka bayanta, a jiƙa, a tace. Sabara sabon toho ake tsinkowa da sassafe, can cikin gonaki wajen Tsarnawa, ba ta bakin hanya da ta sha ƙura da hayaƙin mota ba. A shanya a inuwa. Tafi ɗaya ya isa randa, in kin cika hannu mutum zai tofar gabanki.

Sukari ba ya shiga randa. Cikin kofi nike sa shi, ɗan kaɗan, ga wanda ya nema. In ya shiga randa shina toshe jikin ƙasa, ya kira kiyashi, jiƙo ya lalace kafin la'asar. Citta da kanumfari da masoro kuwa kayan zafi ne, ban san wanda ya gaya maku ana kashe ƙishi da su ba. Na sha zoɓon ɗayarku ranar sunan gidan liman, na yi zufa har cikin kunne. Ku ajiye wannan sai lokacin ɗari.

Akwai kuma yadda ake ba mutum. Wanda ya fito daga rana kai tsaye ba na miƙa mashi tsamiya. Ya zauna tukuna, ya wanke fuska da wuya, ya kurɓi ruwan jema, numfashinshi ya daidaita. Wata azahar wani ɗan dako ya iso shina tangaɗi, jikinshi zafi rau amma ba ɗigon zufa, shina kirana da sunan uwarshi. Abokanshi sunka ce in ba shi sabara, wai zafi ne ya shige mashi ciki. Na ce ko cokali ɗaya ba zai sha ba. Na kwance ɗankwalina na tsoma cikin randa, na lulluɓe mashi kai da ƙirji, na sa ana fifita shi da kwali, na tare mai babur anka kai shi likita. Jiƙo na mai ƙishi ne da wanda zafi ya gajiyar. Wanda rana ta kayar ba aikina ba ne, kuma ba aikinku ba ne. Mutumin shina nan da ranshi, yanzu kifi shike sayarwa a Konni.

Shekarar da ta fi kowace muni ni na jawo ta da hannuna. Lokacin firigo ya yawaita cikin gari, ƙanƙara ta cika ko'ina cikin leda, ɗiyana sunka dame ni wai duniya ta ci gaba ta bar ni da tukwane. Na kife randuna bayan rumfa, na sayi kula ta roba, ina sayen ƙanƙara wajen wani mai firigo. Kwanakin farko mutane sun ji daɗi, sanyi har cikin haƙori. Sai dai kafin azahar ƙanƙara ta narke, tsamiya ta zama ruwa mai launi. Ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ba ƙanƙara, ba ciniki. Abin da ya fi, ban san da wane ruwa mutumin ke daskarar da abinshi ba, ban kuma tambaya ba. Cikin mako guda ƴan dako huɗu cikinsu ya ɓaci. Ba wanda ya zo ya yi mani faɗa, da ya fi mani sauƙi. Zuwa kawai sunka daina, suna bi ta bayan motoci don kada mu haɗa ido. Sauran bazarar na ƙare ta ina korar ƙuda. Na tayar da randuna, na koma ɗebo ruwana da kaina, amma bazara biyu na yi kafin benci ya sake cika. Tun daga nan ƙanƙara ba ta sake shiga rumfata ba.

Bara, ana cikin zafin da ko awaki ba su barin gindin bango, anka aiko mani matar kawuna ta rasu a Illela. Dole in tafi. Na cika randuna da ruwa zalla, na ce ma Ramatu kada ta sayar da komi, ta dai riƙa ƙara ruwa tana jiƙa yashi har in dawo. Ramatu ba ta taɓa son rumfar nan ba. Ashe ta koma gida tana mita gaban mijinta, wai randunan Inna duk yoyo suke, kullum a cika kullum su ragu, ƙarƙashinsu caɓi, har takalminta ya lalace.

Mijinta magini ne, kuma ba zan rage mashi komi ba, garin nan ba wanda ya fi shi hannu. Shi ya tayar mani da katangar gida shekarar da ruwa ya kayar da ita. Mutum ne da ba ya iya wuce tsaga bai toshe ta ba. Kuma kun san Malbaza, nan duk abin da ya motsa sai a ce a sa mashi siminti: bakin rijiya, murhu, turken akuya, har kututturen itace na ga an zuba ma. Sai ya ga ga surukarshi tsohuwa, tana wahala da tukwane masu yoyo, ga ta ta yi tafiya, ga damar da zai faranta mata. Ya kwashe ruwan. Ya kwashe yashin gulbi ya zubar. Ya gina dandamali mai kyau, ya dasa randuna bakwai ciki har rabin cikinsu, ya shafe sauran jikinsu da siminti har wuya, ya goge sumul. Ya yi ƴar matakala. Ya zana furanni a gaba da tsinin ƙusa.

Tun daga tasha na fara jin labari. Mai facin taya ya tare ni da barka, wai na yi dacen suruki. Wata mata ta ce ita ma da za ta samu irinshi da ta huta. Ban gane ba sai da na iso. Mutane tsaye suna kallo, wani har ya ɗauki hoto da waya. Na ajiye ƙunshina, na ɗora hannu bisa babbar randar Gwaggo. Busasshiya, da ɗumi, kamar bayan jaki.

Duk da haka na gwada, don kada a ce ban gwada ba. Da asuba na haɗa komi yadda na saba. Wanki ma ya gagara, don randar da anka dasa ba ta kwantawa, ba ta kifuwa bisa hayaƙi, sai da na riƙa tsane gindinsu da tsumma. Kafin rana ta take simintin ya sha zafi ya riƙe. Ruwan jema ya yi ɗumi kamar na wankan jego.

Dogo ne ya fara zuwa. Direba ne, ɗan wani kawun nawa daban, taubashina, tun muna yara ba ya raga mani ba na raga mashi. Ya karɓi kofin tsamiya, ya kurɓa, ya riƙe cikin baki, ya dube ni.

"Dije, yaushe kinka koma sayar da shayi? Ina burodin?"

Na ce ya sha ko ya ba ni kofina, baƙin tsoho mai haƙoran goro. Ya yi ta dariya, ya zagaya dandamali shina yaba furanni, wai ko kabarin attajiri bai samu irin wannan aiki ba. Da ya gama shaƙiyancinshi ya zauna, ya rage murya. Ya nuna mani tsallaken hanya da haɓa. Ƴan dakona ne jere gaban wani mai kula, kowa da ledar ruwan ƙanƙara a baki. Ya ce kwana huɗun da ba ni nan can sunka koma, yau sun leƙo sun ji labari sun juya. Ya ce shi zai jira ni don ba shi da yadda zai yi da ni, amma waɗannan in sunka yi mako guda can sun zauna ke nan, kuma na fi shi sanin haka.

Na sani. Sabuwar randa mako biyu take so. Mako biyu cikin bazara shi ne rabin cinikin shekara, kuma wanda ya saba da wani benci ba ya dawowa don an roƙe shi.

Kafin la'asar zoɓo ya fara kumfa. Na kwashe duka da ƙwarya na zubar cikin kwata, mutane suna kallo.

Sai ga surukina ya zo, shi da Ramatu, ya sha wanka, ya sa riga mai guga. Godiya ya zo karɓa, ko da ba zai faɗa ba. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai shina gaishe ni da hanya, shina yi mani gaisuwar rasuwa. Shekara tara da aurensu ban taɓa kiran sunanshi ba, ban taɓa cin abinci gabanshi ba, maganarmu ba ta wuce lafiya lau da madalla. Ni da na taɓa tsayar da jandarma gaban jama'a don ya sha tsamiyata ya tofa cikin yashina, ni da direbobi ke rage rediyo in sun hango ni, ga ni zaune na juya fuska ga zana, bakina cike da magana, ba wadda ta halatta. Dogo kuwa ya ƙi tafiya. Ya gyara zama.

Na amsa gaisuwa. Sannan na ce, "Ramatu, tambayi maigidanki. In shina aiki cikin rana ruwa ya fito mashi ga goshi, yoyo shike yi?"

Ramatu ta ce, "Inna, don Allah."

"Tambaye shi."

Bai jira ta tambaya ba. Ya amsa ma ƙasa, ya ce a'a, zufa ce.

"To tambaye shi, in anka ga shina jiƙa riga, anka tausaya mashi, anka shafe shi da siminti tun daga gwiwa har wuya, zai ji sanyi?"

Dogo ya toshe baki da hula, kafaɗunshi suna rawa. Surukina ya ƙara sunkuyar da kai. Mai sana'a ne, ya gane tun kafin in rufe baki, na ga kunnuwanshi sun gane. Ya ce ma Ramatu ta ba Inna haƙuri, shi bai sani ba, yanzu zai gyara. Kafin in ce komi ya aika an kawo mashi kurfi da guduma. Ya zaɓi ƙaramar randar sabara, ya fara sassaƙa a hankali, kamar mai cire ƙaya. Bugu na biyar simintin ya ɓalle, ya taho da jikin randar manne da shi, faɗin tafin hannu. Ya tsaya riƙe da ɓallin, ya rasa inda zai ajiye shi.

Na ce ma Ramatu ta gaya mashi ya ajiye guduma, sauran shida su mutu da mutuncinsu.

Daga nan tayi ya fara fitowa, duka ta bakin Ramatu. Wai zai sayo mani sababbi bakwai daga Konni gobe. Na ce ta gaya mashi sai bayan mako biyu za su yi amfani. Wai to zai sayo babbar kula, ya riƙa kawo ƙanƙara kowace safiya kafin su ƙoshi. Na ce ta gaya mashi ita ta san abin da ƙanƙara ta yi mani, tana gidan lokacin, tana cikin waɗanda sunka ba ni shawarar. Wai to in rufe rumfa in huta bana, shi zai ɗauki cefanen gidana. Nan Dogo ya daina dariya, don ya san ni. Na ce ta gaya mashi na gode, amma ban tsufa da cin guminna ba.

Ramatu ta fashe. Ta ce mutum ya ɓata kwana biyu da simintinshi da ƙarfinshi don ya kyauta mani, ni kuwa na zaunar da shi gaban mutane kamar ɓarawo, duk a kan tukwanen da ba wanda ya damu da su. Ta ce, "Wa ke shan ruwan randa yanzu, Inna? Ki shiga gidajen unguwar nan ki gani. Kowa ya sayi firigo ko kula, ya jefar da tashi bayan ɗaki."

Mijinta ya ce mata ta yi shiru. Na ce a'a, a bar ta. Na sa ta sake faɗin maganar ƙarshe, ta sake, tana share hawaye da bakin mayafi, ba ta san dalili ba. Na tambaye ta gidan wa da wa ta gani da idonta. Ta fara lissafi cikin fushi: gidan Hajiya Kulu, gidan mai unguwa, gidan telan da ya koma Tawa, gidan liman ma akwai biyu, ɗaya an kife ta kan rami. Randunan da uwayensu sunka sha ruwa ciki shekara talatin, sun ƙoshi tun kafin a haifi Ramatu. Irin waɗannan wanki suke so da hayaƙi da kwana ɗaya cikin ruwa, shi ke nan.

Na ce ta gaya ma maigidanta ya zo da baronshi bayan sallar asuba, kuma ya wanke shi sau uku, in na ga ƙwayar siminti ɗaya ciki ya koma.

Da na fito da safe shina bakin ƙofa, baro shina ɗigar ruwa, ya shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara ciki ba tare da an gaya mashi ba. Na wuce gaba da bokitin ruwa, ya biyo ni nesa kaɗan. Ramatu ba ta zo ba, wai kanta ke ciwo. Munka fara da gidan Hajiya Kulu. Ta fito da carbi, ta ji abin da ya kawo ni, ta yi ta mamaki, ta ce in ɗauka, dama tare mata wuri take. Randar tana bayan madafa a kwance, kaza ta yi ƙwai ciki. Na kori kazar, na miƙa ma Hajiya ƙwanta uku, na tayar da randar na ƙwanƙwasa. Ta amsa da ƙara mai tsawo. Na share cikinta, na juye bokiti, munka tsaya muna jira, Hajiya tana ba ni labarin ciwon gwiwarta, shi kuma tsaye can bakin zaure riƙe da baro. Da farko ƙasar ta shanye ruwan tana ƙara kamar mai tsotsa. Can sai gindinta ya fara duhu, duhun ya hau a hankali, raɓa ta fito.

Na waiwaya neman Ramatu, na tuna ba ta nan. Hajiya Kulu ta dube ni, ta dube shi.

Na ce, "Kai. Zo ka taɓa."

Ya tuɓe takalmi, ya matso, ya ɗora tafin hannunshi bisa cikin randar. Ya bar shi nan ya daɗe.

Na ce, "Zubar da ruwan ka ɗauka. Da hannu biyu. Saura shida."